Randar Inna Tabawa

A Ngawundare, bayan ɗakin Inna Tabawa,
inda indararo ke zubar da ruwa,
akwai tsohuwar randa mai fasasshen gindi.
A cikinta gangamau ke zaune,
ganye kore shar, kamar ƙanin ayaba,
dukiyarsa kuwa tana ƙasa, ba ya nuna wa kowa.

Mutum biyu ke takara a kansa.
Babanmu Ɗantani baduku ne,
shi launi kawai yake gani:
ya daka, ya jiƙa, ya shafe fatar akuya
har ta yi rawaya kamar hantsi,
ya ɗinka kube, ya ɗinka rigar laya.
Inna ta ce, "Kai matacciyar fata ka sani.
Ni masu rai nake wa aiki."

Da asuba yakan lallaɓa ya tona,
ya mai da ƙasa, ya daddanna da tafin hannu.
Ina amfani? Ɓarawon gangamau ba ya musu,
farcensa ke ba da shaida.
Sai ta kama yatsunsa ta ɗaga mana:
"Ku dubi hannun wanda bai taɓa komai ba."

Na sha shi cikin madara mai ɗumi da zuma,
daren da tari ya hana ni kwanciya,
ina jin kukan jirgin Yawunde yana barin tasha.
Ɗaci-ɗaci, da ƙamshin ƙasa bayan yayyafi.
Ran da wuƙar Baba ta zame ta ci babban yatsa,
garinsa ta barbaɗa, ta ɗaure da tsumma,
tana faɗa: "Da ka ƙarar da shi kan takalma,
yau da me?"
Matan unguwa na zuwa da ɗan kofi,
wata don ƙurajen fuska,
wata gwiwa ke mata tsami in hadari ya haɗu,
wata cikinta ya ƙi karɓar tuwo.
Ko dala ba ta amsa.

Sai shekarar da idon Baba ya juya,
farinsa ya koma launin fatunsa.
Shawara ce, in ji masu zuwa dubiya,
rawaya ke korar rawaya.
Ta dafa, ta tace, ta ba shi kwana uku.
Rana ta huɗu ta zauna bakin randa,
ta daɗe tana kallon ganyen,
sannan ta ce masa, kamar mai sallamar tsohon aboki:
"Ka yi naka. Wannan ta fi ƙarfinmu."
Ta kwance bakin zane ta ƙirga jaka huɗu,
ta aike ni in tsayar da mai babur.
Mako biyu muka yi a asibiti.
Ya dawo da ƙafarsa, a rame kamar sanda,
yana tambaya ko an taɓa masa kayan aiki.

Daga nan bai ƙara tono a ɓoye ba.
Yakan tsaya ƙofar ɗaki, ya yi gyaran murya, ya roƙa,
ita kuma ta zaɓo masa mafi ƙiba.

Bara Inna ta rasu, ana tsakiyar rani.
Ganyen ya bushe, ya kwanta.
Na ce a fitar da randar, ta tare hanya.
Baba ya ce, "Bar ta. Ba ka san halinsa ba."
Ruwan farko ya sauka, na biyu ya biyo,
ran nan sai ga tsiro uku,
a naɗe kamar takardar laya,
sun huda ƙasa.

Yanzu shi ke tsaron randa.
Mata na zuwa da kofi har yau,
yana auna musu da hannu mai rawa,
yana maimaita abin da ya ji daga bakinta:
"Kwana uku. In bai saki ba, a tafi gun likita."

Fatunsa sun koma ja da baƙi.
Na tambaye shi ina rawayar da aka san shi da ita.
Ya dubi farcensa, ya daɗe,
ya ce, "Ba ya isa a raba biyu."